Mai Kwashe Shara Da Na'urorin Da Ba Su Jira

Daga Wakilinmu

Wata rana, ba da daɗewa ba bayan an ƙirƙiro harshen kwamfuta da ake kira Lisp, malaman babbar makarantar fasaha ta MIT da ke Amurka suka tara manyan baƙi daga masana'antu domin su nuna musu abin da sabon harshen zai iya yi. An haɗa keken rubutu da wata ƙatuwar kwamfuta samfurin IBM 704, kome yana tafiya daidai, ko da yake a hankali. Ana cikin haka sai keken ya bar lissafin da ake jira, ya shiga buga sanarwa cewa an kira mai kwashe shara, ga kuma bayanin aikinsa dalla-dalla. Harafi goma kawai keken yake bugawa a sakan ɗaya, saboda haka kowa ya ga sanarwar nan za ta cinye sauran lokacin da aka ba su. Baƙi kuwa ba wanda ya taɓa gaya musu akwai shara a cikin kwamfuta, balle mai kwashe ta. Sai zaure ya ɓarke da dariya, har shi mai jawabin, taro ya tashi.

Shehun malamin da ya ƙirƙiro harshen, wato John McCarthy, shi ne ya ba da wannan labari da kansa. Shi ne kuma ya fito da dabarar kwashe sharar a shekarar 1959. A ranar nan abin da aka yi hasara bai wuce 'yan mintoci ba. Amma a yau, da kwamfuta ta shiga cikin birkin mota, da jirgin sama, da na'urar da ake dasa wa mai ciwon zuciya, tambayar da ta ba mutane dariya ta zama abin da injiniyoyi ke kwana suna tashi da shi: in mai kwashe shara ya zo aiki a daidai lokacin da ake bukatar na'ura ta amsa, wa zai jira wani?

MECE CE SHARAR?

Kowace kwamfuta tana da ma'adana, wato wurin da take ajiye abin da take aiki da shi a wannan lokaci. Ma'adanar nan tana da iyaka. Duk shirin da aka rubuta wa kwamfuta yakan nemi ɗan wuri ya ajiye lambobi ko rubutu, in ya gama da su wurin ya zama ba shi da amfani sai an mayar da shi. Wannan wuri da aka gama da shi ba a mayar ba, shi ne shara.

Hanya biyu ce ake bi. A harsuna irin su C da C++, mai rubuta shirin shi ke neman wuri, shi ke kuma mayarwa da hannunsa. In ya manta bai mayar ba, ma'adana ta yi ta tsiyaya har ta ƙare. In kuwa ya yi gaggawar mayarwa alhali shirin yana amfani da wurin, to, wani abu dabam zai shiga, lissafi ya rikice, ɓarayin intanet kuma su sami ƙofa. A harsuna irin su Lisp da Java da C# da Go da Python, an ɗauke wa mai rubutu wannan nauyi. Akwai wani ɗan shiri na musamman wanda kan bi ma'adana lokaci-lokaci, ya sa alama a kan duk abin da shirin zai iya kaiwa gare shi, sauran kuma ya share. Shi ne mai kwashe shara.

Wahalar ita ce, ba a shara a ɗakin da ake ta jan kujeru. Domin mai kwashe shara ya tabbata bai zubar da abin da ake bukata ba, hanya mafi sauƙi ita ce a tsayar da shirin cik har ya gama. Mai karatu ya san Asabar ɗin tsabtace muhalli da aka soma a ƙasar nan a tsakiyar shekarun 1980, inda ake hana zirga-zirga da safe har a gama shara. To, haka abin yake a cikin kwamfuta, sai dai ita Asabar an san ranarta, an san ƙarfe nawa za a saki mutane. Mai kwashe sharar kwamfuta kuwa yakan zo ne sa'ad da ma'adana ta kusa cika, kuma daɗewarsa ta dogara ga yawan abin da ya tarar.

ALKAWARIN LOKACI

Yawancin kwamfutocin duniya ba su da allo, ba su kan tebur. Ƙanana ne, an dasa su cikin wasu na'urori, suna yin aiki guda har ƙarshen rayuwarsu. Akwai su a cikin mitar wuta mai kati, da famfon gidan mai, da injin wanki, da mota, wadda in ta zamani ce takan ɗauki gommai daga cikinsu. Da yawa daga cikin waɗannan suna da wa'adi: ba amsa daidai kaɗai ake nema daga gare su ba, har da zuwan amsar kafin lokaci ya wuce.

Ana auna wannan wa'adi da milisakan, wato kashi ɗaya daga cikin dubu na sakan. Ƙiftawar ido kan ɗauki milisakan 100 ko fiye. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowane sakan, saboda haka in kwamfutar birkinta ta tsaya na milisakan 100 kacal, motar ta yi gaba da kusan mita 3 ba mai kula da ita. Wutar lantarkin da muke sha a Nijeriya tana kai da komowa sau 50 a sakan, wato kowane zagaye milisakan 20 ne, kuma na'urorin da ke kare manyan layukan wuta cikin 'yan zagaye kaɗan ake so su gane matsala su yanke.

Masana sun raba wa'adi gida biyu. Akwai mai tsanani, wanda saɓa shi sau ɗaya na iya jawo hasarar rai ko dukiya mai yawa, kamar jakar iska ta mota ko linzamin jirgin sama. Akwai kuma mai sassauci, wanda in an saɓa shi jefi-jefi abin da za a gani bai wuce murya ta ɗan katse a waya ko hoto ya ɗan daskare ba. Wannan rabo shi ne mabuɗin maganar duka. Ga mai wa'adi mai tsanani, gudu a yawancin lokaci ba ya fid da shi. Abin da ake tambayarsa shi ne jinkiri mafi muni da zai taɓa yi, kuma dole ya kawo hujja a rubuce. Alkawari kaya ne.

MASU CEWA A'A

A shekarar 2006 wani masani na cibiyar JPL ta hukumar NASA, Gerard Holzmann, ya fito da ƙa'idoji goma na rubuta shirin da rayuka ko dukiya mai yawa suka rataya a kansa. Ta ukunsu ta hana neman sabon wuri a ma'adana bayan na'ura ta gama tashi. Ma'ana, duk wurin da za a bukata a raba shi tun farko, a san iyakarsa, kada a ƙara. Ƙa'idojin MISRA C, waɗanda masana'antar motoci ta Ingila ta fara fitarwa a 1998, su ma sun hana. Motar binciken nan Curiosity da ta sauka a duniyar Mars a 2012, da harshen C aka rubuta shirinta, bisa tsauraran ƙa'idoji irin waɗannan.

Ya kamata a lura da abu guda a nan, domin masu gardama kan manta da shi. Waɗannan ƙa'idoji ba mai kwashe shara kaɗai suka kora ba, har nema da mayarwa da hannu sun hana. Dalili kuwa, ko da hannu ake yi, ba a san tsawon lokacin da neman wuri zai ɗauka ba, kuma in an daɗe ana nema ana mayarwa, ma'adana takan zama gutsi-gutsi, kamar kasuwar da ke da rumfuna ashirin babu kowa amma babu biyu a jere. Na'urar da ake so ta yi shekara goma ba a kashe ta ba, ba za ta iya zama da wannan kasada ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Hujja ta biyu ita ce ƙarancin wuri. Mai kwashe shara yana son sarari kafin ya yi aiki da kyau. A shekarar 2005 masu bincike biyu a Amurka, Matthew Hertz da Emery Berger, sun auna abin. Sun gano in an ba shirin ma'adana ninki biyar na abin da yake bukata, gudunsa daidai yake da na wanda ake sarrafawa da hannu. In ninki uku ne, yakan yi nawa da kimanin kashi 17 cikin ɗari. In ninki biyu ne kawai, nawar ta kai kusan kashi 70 cikin ɗari. Kamfanin da zai ƙera na'ura miliyan ɗaya, kowane kwabo da ya ƙara a kan ma'adana sau miliyan zai biya shi.

Hujja ta uku ita ce, mai kwashe shara ba ya zubar da abin da shirin bai sake shi ba, ko da ba za a ƙara amfani da shi ba. A gasar motoci marasa direba da hukumar DARPA ta Amurka ta shirya a hamada a 2005, ɗaliban Jami'ar Princeton sun shiga da motar da aka rubuta shirinta da C#. Duk wani shinge ko dutse da motar ta gani sai shirin ya ajiye bayaninsa, in an wuce shi kuma ya cire shi daga jeri. Ashe akwai wata igiya da ta rage tana riƙe da kowane bayani, saboda haka mai kwashe shara bai taɓa ko ɗaya ba. Ma'adana ta cika, kwamfuta ta yi nauyi, motar ta fita daga gasar mai nisan mil 132 tun ba ta cika mil goma ba.

MASU CEWA I

Su ma ɗaya ɓangaren ba da hannu biyu suka zo ba. A shekarar 2019 kamfanin Microsoft ya bayyana cewa kimanin kashi 70 cikin ɗari na ɓarakar tsaro da yake toshewa kowace shekara daga kurakuran ma'adana suke fitowa. Shekara guda bayan haka masu kula da Chrome na kamfanin Google suka ba da adadi kusan iri ɗaya game da manyan ɓarakokinsu. Irin kurakuran da mai kwashe shara da harsunansa ke hanawa ke nan. Yanzu kuwa da ake haɗa mita da mota da na'urar asibiti da intanet, kuskuren da dā ba ya wuce ɗaki ɗaya yana iya zama ƙofar ɓarawo daga wata nahiya.

Bugu da ƙari, mai kwashe shara na yau ba irin na McCarthy ba ne. Tun a 1978 Henry Baker ya nuna yadda za a yanka aikin gunduwa-gunduwa, a riƙa yin kaɗan duk sa'ad da shirin ya nemi wuri. A wannan shekarar ce kuma Edsger Dijkstra da abokan aikinsa suka buga hanyar da za a yi shara alhali shirin yana ci gaba da tafiya. A 2003 masu bincike na kamfanin IBM, a ƙarƙashin David Bacon, suka fito da Metronome, wanda ke aiki da agogo: ya yi shara na kimanin rabin milisakan, ya ja da baya, ya sake dawowa, ta yadda za a iya yi wa shirin alkawarin, misali, kashi 70 cikin ɗari na kowane ɗan taƙin lokaci. Harshen Java mai wannan dabara shi aka zaɓa don wani sashe na kwamfutocin jirgin ruwan yaƙin Amurka samfurin Zumwalt. Ƙa'idojin shirye-shiryen jiragen sama da aka sabunta a 2011, wato DO-178C da ratayensa DO-332, ba su haramta mai kwashe shara ba. Sun jera abubuwan da dole a tabbatar ne, ciki har da cewa ma'adana ba za ta ƙare ba, kuma jinkiri yana da iyaka sananniya.

A fagen wa'adi mai sassauci kuwa, magana ta daɗe da ƙarewa. Kamfanin Ericsson na ƙasar Suwidin ya soma harshen Erlang a 1986 domin injinan haɗa wayar tarho. A cikinsa kowane ƙaramin aiki yana da tasa ma'adanar, ana share ta ita kaɗai, sauran ayyuka suna tafiya, kamar a ce unguwa-unguwa ake tsabta maimakon a rufe gari duka. Da wannan harshe aka gina manyan kwamfutocin WhatsApp. Harshen Go ya rage tsayawarsa zuwa ƙasa da milisakan 10 a 2015, ya zuwa 2017 kuma yawanci ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na milisakan ba. Java ma ya sami mai kwashe shara da ake kira ZGC a 2018, wanda tun 2021 tsayawarsa yawanci ba ta kai milisakan ɗaya ba.

Sai dai a riƙe kalmar nan "yawanci". Awo ne na abin da aka saba gani, ba alkawari ba ne. A 2020 kamfanin Discord, mai harkar hira ta intanet, ya ba da labarin wani sashen aikinsa da aka rubuta da wani tsohon samfurin Go, wanda kan yi jinkiri duk bayan minti biyu. Da aka bincika sai aka tarar harshen yana tilasta shara aƙalla sau ɗaya a minti biyu, ko da sharar ba ta taru ba. Suka sake rubuta sashen da harshen Rust, jinkirin ya ɓace. Masu hira sun ɗan jira, ba abin da ya same su. Da birki ne, da labari ya sha bamban.

HANYAR TSAKIYA

Abin da injiniyoyi suka fi yi a aikace shi ne raba aiki. A ranar tsabtace muhalli ma ai ba a tare motar asibiti da ta 'yan kwana-kwana. Ƙa'idar Java ta aiki kan wa'adi, wadda ta fito a farkon shekarun 2000, ta tanadi wasu ayyuka na musamman da ba su taɓa ma'adanar da ake sharewa, don haka ba su jiran mai shara, suna iya katse shi a kowane lokaci. Farashin wannan gata shi ne, mai rubuta su ya koma lissafin wuri da kansa.

Haka abin yake a ƙananan na'urori. A 2013 wani masanin kimiyya ɗan Ostireliya, Damien George, ya fito da MicroPython, wato Python da aka matse don ya shiga ƙaramar kwamfuta. Yana aiki har a kan micro:bit na farko, ɗan allon da BBC ta raba wa yara 'yan makaranta kimanin miliyan ɗaya a Birtaniya a 2016, mai ma'adanar aiki ta kilobait 16 kacal. Yana da mai kwashe shara, amma sashen shirin da ke amsa kiran gaggawa daga na'ura an hana shi neman sabon wuri. Katin SIM da yawa da ke cikin wayoyinmu suna ɗauke da Java Card, wani ƙaramin Java da aka soma a 1996, wanda samfurorinsa na farko ba su da mai kwashe shara sam. Shirin kan nemi wurinsa ranar da aka saka shi, ya zauna da shi.

Sabuwar hanya kuma ita ce ta Rust, wanda cikakken samfurinsa na farko ya fito a 2015. Shi ba shi da mai kwashe shara. Tun a lokacin da ake fassara shirin zuwa harshen na'ura ake bin diddigin mai mallakar kowane wuri da lokacin da zai sake shi, in lissafi bai fita ba a ƙi karɓar shirin. A watan Fabrairu na 2024 ofishin kula da tsaron intanet na Fadar Shugaban Amurka ya fitar da rahoto yana kira a koma ga harsunan da ke kare ma'adana. Amma da rahoton ya zo kan kumbo da tauraron ɗan Adam, sai ya kafa sharaɗi uku: harshen ya iya kusantar na'ura, lokacin amsarsa ya zama sananne, kuma ya kasance ba shi da mai kwashe shara ko ana iya dakatar da shi. Rahoton ya ce Rust ya cika ukun, ko da yake a lokacin ba a gama gwada shi a sararin samaniya ba.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Amsar tambayar da muka fara da ita ke nan. Inda saɓa wa'adi bai wuce ɓacin rai ba, harshe mai kwashe shara ya dace, sau da yawa ma ya fi, domin yana rage kurakurai da kuɗin aiki. Inda rai ya rataya, ba ya shiga sai an yi masa kasafi tun farko, an san lokacin da zai ci da wurin da zai bukata a rana mafi muni, an kuma keɓe ayyukan gaggawa daga hannunsa. Inda ma'adana ta yi ƙanƙanta ƙwarai, gara a raba wuri tun farko a bar shara gaba ɗaya.

Ma'aikacin gwamnati da aka ɗora wa sayen na'urorin asibiti, ko fitilun kan hanya, ko kayan tashar wuta, ba sai ya iya rubuta shiri ba kafin ya kare dukiyar jama'a. In ɗan kwangila ya ce na'urarsa tana da sauri, a tambaye shi jinkiri mafi tsawo da za ta iya yi, da wanda ya auna, da ƙa'idar da aka bi, a kuma nemi amsar a rubuce cikin takardar kwangila. A tambaye shi kwana nawa aka bar ta tana aiki ba a kashe ba a wajen gwaji, da abin da take yi in ma'adanarta ta cika. Wanda ya san kayansa ba zai ji haushin tambaya ba.

Ɗalibanmu na jami'o'i da kwalejojin fasaha kuwa, da yawansu da Python ko Java suke buɗe ido, kuma babu laifi a haka. Amma wanda ke son ya ƙera abin da zai motsa ƙarfe, ya kamata ya sami ɗan allo mai araha, ya haɗa masa fitila, ya umurce ta ta ƙifta duk bayan milisakan 10, sa'an nan ya cika shirin da neman wuri, ya auna da kansa ya ga inda ƙiftawar ta makara. Abin da zai koya a wannan yamma guda ya fi ƙarfin gardamar wane harshe ya fi wani. Allah ya sa mu dace.